Littattafan Star Trek Masu Cin Gashin Kansu

Bayan an dakatar da wasan talabijin na Star Trek a Amurka a 1969, alƙalami na cikin abubuwan da suka raya shi. James Blish ne ya share fagen ƙagaggun labaransa na manya da Spock Must Die! a 1970. Daga baya wasu littattafan suka zama jerin gwano, wanda bai san farko ba sai ya yi ta lalube. Don haka baƙo ya fara da masu cin gashin kansu. The Final Reflection na John M. Ford, na 1984, ya kawo labari ta fuskar Klingon, abokan gaba, ya nuna su ma masu al'ada ne. Spock's World na Diane Duane, na 1988, kuwa ya haɗa tarihin duniyar Vulcan da muhawarar ficewarta daga Tarayya. Kowanne ya wadatar shi kaɗai.