Makarantar Zane ta Samaru: Yadda Ta Kafu, Yadda Ta Girma

Sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello ya girmi jami'ar kanta. A shekarar 1953 aka fara shi a Ibadan, a ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, wadda Turawan mulki suka kafa da rassa uku: Zariya, Ibadan da Inugu. A 1955 aka kwaso sashen, malamai da ɗalibai, aka dawo da shi Samaru. Karatun na shekara huɗu ne, a ƙarshe a ba mutum difloma, kuma tsarinsa kusan kwafin na makarantun zane na Landan ne: yadda ake zana jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa, yadda ake nuna nesa da kusa a kan takarda, yadda haske da inuwa ke sauka a kan tulu ko 'ya'yan itace, sai tarihin fasahar Turai. Yawancin malaman Turawan Ingila ne. A cikinsu akwai 'yar ƙasa guda da bai kamata a manta da ita ba, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta yi karatu a Landan ta dawo ta koyar a nan tun 1955.

Abin da ya fitar da sunan makarantar duniya ba daga ofishin shugabanni ya fito ba, daga ɗakin kwanan ɗalibai ya fito. A 1958 wasu samari suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke, Oseloka Osadebe, Emmanuel Odita da wasu. Kukansu guda ne: ƙasa na dab da samun 'yancin kai, amma a aji ba a ambaton tagullar Benin, ko kawunan Ife, ko gumakan yumɓu na Nok, alhali Nok ɗin tana nan kudancin lardin Zariya. Ba su ƙi abin da ake koya musu ba. Da rana suna yin aikin malam yadda ya ce, su ci jarrabawa. Da dare su taru su yi muhawara, in an yi hutu kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi. Ra'ayin da Uche Okeke ya tsara musu shi ne a ɗauki dabarar da aka koya daga Turai a haɗa ta da gadon gida, har su zama abu ɗaya ba tare da tilas ba. Shi ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya zana matan Legas da makaɗansu cikin shuɗin launin da aka san shi da shi.

Daga baya aka laƙaba musu suna 'Yan Tawayen Zariya. A ganina sunan ya yi musu nauyi, domin ba su ƙona aji ba, ba su kori malami ba. Ƙungiyar ma shekara uku kawai ta yi, ta watse a 1961 da manyanta suka gama. Sai dai dubi inda suka bazu. Grillo ya jagoranci sashen zane na Kwalejin Yaba, ya kuma zama shugaban farko na Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya. Uche Okeke ya karɓi sashen Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa ya sake masa alƙibla. Nwoko ya shiga gine-gine a Ibadan. Solomon Wangboje, ɗaya daga cikin ɗaliban farko, ya taka babbar rawa a Ife da Benin. Da wuya ka sami tsohuwar makarantar zane a ƙasar nan da ba ta da jijiya a Samaru.

Ranar 4 ga Oktoba, 1962, harabar kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, difloma ta koma digiri. Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa a Rabah aka haife shi, ya kuma riƙe hakimcinta tun 1934 kafin ya zama Sardauna. Tattaɓa-kunne ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, aka kuma binne shi a can a 1837. Na kawo wannan nasaba ne don wani dalili. A littafinsa Usulus Siyasa, Muhammadu Bello ya lissafa kula da masu sana'ar hannu, irin su maƙera, maɗinka da marina, cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Ke nan ƙasar da ta haifi mai jami'ar ba baƙuwar aikin hannu ba ce. Jar fatar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Dukawa, masu surfanin riga, masu sassaƙar ƙwarya, maginan da ke ɗaure bakan gizo, da malaman da ke ƙawata allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani, duk suna aiki da layi da launi da ma'auni, abubuwan da ake kwana ana koyarwa a situdiyo.

Duk da haka, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a jerin waɗanda suka kafa sunan makarantar nan babu Bahaushe. Wanda ya fi zana rayuwar Arewa a wancan zamani Jimo Akolo ne, mutumin Egbe, tsohon ɗalibin Kwalejin Keffi, wanda ya zana 'yan dambe, makaɗa da mahaya dawaki, ya kuma shafe shekaru yana koyarwa a jami'ar. Wanda ya zauna ya yi wa surfanin Hausa nazari mai zurfi kuwa Bature ne, David Heathcote, malamin tarihin fasaha a sashen. Shi ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ɗinkin ado na tufafin Hausa a 1979, ya kuma sanar da duniya aikin Musa Yola, mai zanen bangon gidaje a yankin Zariya. Dalilin ja da bayan namu ba ɓoyayye ba ne. Iyaye da yawa in sun ji an ce zane, sura da mutum-mutumi suke hangowa, kuma damuwarsu ta addini ce, ba abin rainawa ba. Amma ba a taɓa zama an bayyana musu cewa fagen ya fi haka faɗi ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19 yana cikin manyan ayyukan fasaha na Afirka ta Yamma, kuma babu surar ko tsuntsu a jikinsa. Jami'ar da kanta ta nuna ta fahimci haka lokacin da ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda ba ta yi boko ba, digirin girmamawa a 1977.

A shekarun 1970 sashen ya yi rassa. Aka ware tangaran, saƙa da rini, zanen talla da aikin gilashi suka zama Sashen Zanen Masana'antu, aka bar wa na asali fenti, sassaƙa, tarihin fasaha da koyar da ita. A wannan zamani ne karatun gaba da digiri na farko ya kama ƙasa. Digirin da ake kira MFA ya bambanta da sauran digiri na biyu. Ɗalibi ba ya dogara da tambayoyin da zai raba wa jama'a su cike. Zai zo da wata matsala ta ido da hannu, misali yadda zai fitar da ƙurar hunturu da launi, ko yadda tsohon ƙarfen mota zai zama siffa, a ba shi kusurwa a situdiyo, ya yi ta gwaji wata da watanni. Lokaci-lokaci malamai da abokan karatu za su kewaye aikin su feɗe shi a gabansa, ba sani ba sabo. A ƙarshe ya baje ayyukansa, ya rubuta rahoton abin da ya yi da dalilinsa, mai jarrabawa daga wata jami'a ya zo ya duba da idonsa.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin wannan tsari shi ne Gani Odutokun, haifaffen Ghana, da ya gama digiri na farko a 1975, na biyu a 1979, ya tsaya ya koyar. Yakan tsinka fentin mai ya kwarara shi a kan kyanbas, ya bar launuka su nemi hanyarsu, sannan ya bi su ya fitar da siffa. A zamanin mulkin soja ya yi jerin zanuka na sarki da hafsoshinsa, waɗanda duk mai ido ya san da wa ake. Shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar The Eye, suka riƙa fitar da mujallar nazarin fasaha. A 1995 ya rasu a hatsarin mota, kan hanyar dawowa daga baje koli a Legas. Waɗanda suka yi zamani da shi ko suka tashi a hannunsa, irin su Jerry Buhari, Jacob Jari, Tonie Okpe da Mu'azu Mohammed Sani, su suka ci gaba da riƙe ɗakunan aikin, lambun sassaƙa na sashen kuma ya ci gaba da cika da ayyukan ɗalibai na siminti da ƙarfe, shekara bayan shekara.

Mataki na baya-bayan nan shi ne digiri na uku na situdiyo, a fenti da sassaƙa. A ƙasashe da dama ana ɗaukar MFA a matsayin ƙarshen karatun mai zane. A nan kuwa, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta matsa cewa malamin jami'a sai da digirin dakta, sai masu zane suka ga ko dai su bar buroshi su koma rubuta tarihi, ko a buɗe musu tasu hanyar. Zariya na cikin waɗanda suka buɗe. Na yi murna da hakan, amma ina da fargaba. Fenti da kyanbas daga waje ake shigo da su, tsadarsu na ƙaruwa kullum, ɗalibi kuma da kuɗinsa yake saye. Babi biyar na kundi ya fi sauƙin kammalawa a kan zane ashirin masu kyau, ya kuma fi sauƙin ba wa maki a wurin hukumar karatun gaba da digiri, wadda ma'auninta ɗaya ne ga mai zane da mai nazarin sinadarai.