Gandun Dajin Gashaka-Gumti: Tarihinsa da Halittunsa

Mu mutanen Zazzau, in an ce dutse, Kufena ke zuwa mana a rai. Amma a kan iyakarmu da Kamaru, a jihar Taraba, akwai Cappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya. Yana cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar nan, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000.

Wannan yanki bai daɗe da zama namu ba. Jamusawa ne suka riƙe shi har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma kangon ganuwarsu na nan a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Daga nan ya koma hannun Ingila a matsayin amana, sai a 1961 jama'arsa suka kaɗa ƙuri'ar shiga Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. A 1972 aka keɓe dajin don kare namun daji, a 1991 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa, hedkwatarsa a Serti.

Abin da nake so malaman makaranta su lura da shi shi ne yadda tsawon ƙasa ke sauya halitta. A ɓangaren Gumti daji ne irin namu: doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, inda ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza ke kiwo, dorina na cikin koguna. Da an nufi kudu sai kurmi ya rufe kwaruruka, rana ba ta sauka ƙasa sosai. Nan ne mazaunin cimfanzi, birin nan mai kama da ɗan Adam, wanda masana daga Landan suka soma nazari a kansa a 2000. Can ƙololuwa kuma ciyawa ce da hazo da sanyi; ƙudan tsando ba ya jure wurin, shi ya sa Fulani suka hau da shanunsu, aka kuma bar musu wuraren zama a cikin gandun. Tsuntsaye kuwa, an ƙirga fiye da iri 500.

Ɓarna ta shigo ta ƙofa biyu. Ciwon bushiya na 1983 zuwa 1984, wanda dattawanmu ke tunawa saboda shanun da ya kashe, ya karkashe ɓauna masu yawa a dajin. Bayan 2010 kuma aka far wa madobiya a Taraba, ana sare ta ana kai wa Sin da sunan "madrid". A ganina wannan ta fi muni, domin garke kan farfaɗo cikin 'yan shekaru, madobiya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. A 2017 gidauniyar ANI ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandayen daji ta ƙasa don taya ta tsare wurin, aka ɗauki sababbin masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye.