Tarihin Tarukan Ƙara wa Juna Sani kan Dokar Iyali a Nijar da Arewacin Nijeriya

Taron ƙara wa juna sani zama ne da malaman jami'a da ɗalibai da baƙi masana ke yi domin tattauna wani batu guda. Mutum ɗaya ya gabatar da maƙala, wani ya yi mata sharhi, shugaban zama ya buɗe fili, sai tambayoyi da gyare-gyare su biyo baya. A ƙasar Hausa, babu batun da ya fi tara jama'a a irin wannan zama kamar dokar iyali, wato aure da saki da riƙon ƴaƴa da gado da matsayin mace. Dalili kuwa shi ne a nan ne shari'ar Musulunci da al'ada da dokar da Turawa suka bari suke haɗuwa, wani lokaci su yi karo.

Asali

Tsarin taron na jami'a ya samo asali ne daga Jamus a ƙarni na 18, daga can ya bazu zuwa Faransa da Ingila da Amurka. Amma zaman ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun da daɗewa almajirai kan zauna a zauren malami su ja baƙi a Risala ko Muhtasar, malam ya fassara, a yi muhawara kan hukuncin iddah ko sadaki. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki mazan da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ƴarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Abin da jami'a ta ƙaro shi ne rubuta maƙala, da buga ta, da bai wa ɗalibi da mace damar yi wa farfesa gyara a bainar jama'a.

Zariya da Kano

An buɗe makarantar koyon shari'a a Kano a 1934 domin horar da alƙalai, sannan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, wadda daga baya ta buɗe cibiyar nazarin shari'ar Musulunci. A 1982 aka yi wani taro a wannan jami'a kan halin da mata ke ciki a Nijeriya. Daga taron ne ƙungiyar WIN ta fito, ƙungiyar da ta karɓi maza da mata a matsayin mambobi. Taronta na biyu ya duƙufa kan mata da iyali, aka buga maƙalun a littafi a 1985, kuma Ayesha Imam na cikin waɗanda suka tace shi. A wannan shekarar ce mata Musulmi suka kafa FOMWAN a Minna ƙarƙashin jagorancin Aisha Lemu, suna masu cewa haƙƙin mace yana cikin addini, sai dai a nemo shi a aiwatar.

Waɗannan hanyoyi biyu, ta WIN da ta FOMWAN, sun ci gaba da ja-in-ja a ɗakunan taro. Da jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, muhawarar ta fito daga takarda ta shiga kotu. Hujjojin fiƙihun Malikiyya ne aka kafa har kotunan ɗaukaka ƙara suka wanke Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa wani kwamitin malamai, ciki har da na Jami'ar Bayero, na tsara kundin dokar iyali da zai taɓa auren dole da dukan mata da ƙara aure ba tare da hali ba. An yi ta cece-kuce a masallatai da gidajen rediyo, har aka sauke sarkin a Maris 2020 kundin bai zama doka ba.

Yamai

A Nijar labarin ya ɗauki wani salo. Dokar tsarin kotuna ta 1962 ta bar lamuran aure da saki da gado a hannun al'adar masu ƙara, ga kuma kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, wanda ya sa shekara 15 ga yarinya, 18 ga namiji, a matsayin shekarun aure. Wata doka ta 2004 ta sabunta tsarin amma ba ta kawar da wannan rabuwa ba. Jami'ar Yamai, wadda ta soma a 1971 kuma ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, ita ce ta zama gidan wannan muhawara, sai Jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986.

Tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar, ake maganar kundin dokar iyali guda ɗaya. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma ranar ce ta zama ranar matan Nijar. Daftarin kundin dokar iyali da aka fitar a farkon shekarun 1990 ya gamu da turjiyar ƙungiyoyin addinin Musulunci, aka ajiye shi. A 2005 sashen shari'a na jami'ar ya shirya babban taro kan tambayar wace irin dokar iyali ce ta dace da Nijar. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, a 2011 kuma wani sabon daftari ya bi sahun na farko. Duk da haka ba a tashi a tutar babu ba: dokar kaso ta 2000 ta ware wa mata gurbi a zaɓe da naɗe-naɗe, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta bai wa Hadijatou Mani gaskiya a shari'arta ta bauta da wahaya, wato riƙe baiwa a matsayin ƙwarƙwara.

Tambayoyin falsafa

A ƙarƙashin duk wannan akwai tambayoyin da masu nazarin falsafa suka fi ƙwarewa a kansu. Mene ne adalci, daidaito ne ko bai wa kowa abin da ya dace da nauyin da ke kansa? Wa ke da ikon fassara al'ada, tsoho ko wadda al'adar ta danne? Ina iyakar hukuma a cikin gidan mutum? Taron da ya tsallake waɗannan ya faɗa wa rubuta ayoyin doka, ya yi gini ne a kan rairayi.

Daga Gure

Waɗannan tambayoyi ba a ɗakin taro kawai suke ba. Gure, tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo a gabashin Damagaram, gari ne na Mangawa da Hausawa da Tubawa da Fulani da Buzaye. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya ko Nijeriya ya bar ta shekara biyu ba ci ba sha, wurin iyayenta take fara kai kuka. In abin ya faskara a je wurin liman ko mai unguwa, sannan fadar sarki, inda za a zaunar da waliyyai a nemi sulhu, a yi lissafin sadaki idan hul'i take nema. Sai sulhu ya ƙi ake zuwa gaban alƙali, wanda ke zama da masana al'ada a gefensa. Duk tambayoyin da ake bugawa a Yamai da Zariya suna nan a wannan zaure, da Barbarci da Hausa, amma maƙalun da aka rubuta a kansu suna cikin Faransanci da Turanci.

Kafa jami'a a Damagaram a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, shugaban babban taron ƙasa na 1991, ya rage wa ɗaliban Gure nisa. Tarihin shekaru arba'in ya nuna cewa duk daftarin da aka rubuta ba tare da malamai da sarakuna da matan karkara ba, a aljihun tebur yake ƙarewa. Ya kamata jami'o'inmu su riƙa gayyatar liman da sarki da shugabar mata su zauna tare da farfesa, a yi magana da harshen da mai ƙara ke ji, a kuma watsa sakamakon a gidajen rediyon karkara.