Farar Giyar Bordo da Akalar Mai Saye

A kudu maso yammacin Faransa, kusa da birnin Bordo, kogin Garon da kogin Dordon suna haɗuwa kafin su faɗa Tekun Atilantika. Ƙasar da ke tsakaninsu ita ake kira Entre-Deux-Mers. Ita da maƙwabciyarta Graves mai tsakuwa su ne gidan farar giyar inabi marar zaƙi, wadda akan bari ta tsima har sukarinta ya ƙare. Ana haɗa ta ne da irin inabi biyu: Sauvignon Blanc mai tsami da ƙamshi, da Sémillon mai kauri da jure ajiya. Abin da ɗaya ya rasa ɗayan ke cikewa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihin yankin ya nuna cewa manomi ke riƙe da fartanya, amma akala tana hannun mai saye. A 1152 Eleanor, magajiyar Akiten, ta auri Henry, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a 1154. Shekaru ɗari uku jiragen ruwa suna jigilar giya zuwa Ingila, kuma ja mai haske Turawan Ingila suka fi so. Yaƙin Castillon na 1453 ya mayar da yankin hannun Faransa. A ƙarni na 17 fataken Holan suka mamaye kasuwar, su kuwa fara suke nema, har da wadda za su dafa su fitar da barasa mai ƙarfi. Nan take farin inabi ya bazu a gonaki.

Bala'i ma ya taka rawarsa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro da ya zo daga Amurka, filoksera, ya cinye saiwoyin kuranga, sai da aka ɗaura irin Turai a kan saiwar Amurka sannan gonaki suka farfaɗo. Tsananin sanyin Fabrairun 1956 ya sake kashe kuranga masu yawa. Da aka zo sabon dashe, duniya ta karkata ga jar giya, manoma suka bi ta. Farar da a da ta fi yawa ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na amfanin Bordo.

Raguwar ta zo da gyara. Binciken Farfesa Denis Dubourdieu na Jami'ar Bordo ya inganta yadda ake tsima fara, kuma a 1987 aka ware arewacin Graves da sunan Pessac-Léognan.

Yau masu shan ja sun ragu. Daga 2023 gwamnati ta fara biyan manoman Bordo su tumɓuke dubban kadada na kuranga. Kurangar inabi kuwa takan yi shekara uku kafin ta ba da amfani, don haka duk lokacin da mai saye ya sauya ra'ayi, manomi ne ke biyan kuɗin jira.