Tarihin Sana'ar Haɗa Kwamfuta a Arewacin Nijeriya

Sana'ar haɗa kwamfuta da hannu ta bunƙasa a Arewacin Nijeriya daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da na'urorin kamfani suka fi ƙarfin aljihun yawancin jama'a, sai masu gyara suka riƙa sayo sassa daga kasuwar Ikeja ta Legas da titin Beirut na Kano, suna harhaɗa su a shago. A wancan lokaci aikin yakan fara ne da ɗaura madabod, wato babban allon da kowane sashe ke manne da shi, sannan a jona masa faifan ajiya da mazubin CD ta wata faffaɗar waya mai ƙofofi 40 da ake kira IDE. Tun da na'urori biyu ke raba waya ɗaya, dole ne a sanya ɗan ƙaramin maƙali a bayan kowace domin bambanta babba da mabiyiya, in kuwa aka yi kuskure, kwamfutar ba za ta ga faifan ba.

Bayan haka ake ɗora babbar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. Windows 98 takan buƙaci a tayar da ita da faifan fulofi, amma Windows XP ta 2001 tana tashi daga CD kai tsaye, kuma wayar SATA da ta bazu daga 2003 ta kawar da wahalar maƙali. Daga baya, a garuruwan da wutar lantarki ba ta tsayawa, laftof da wayar hannu ne suka gaje wannan fage.