Gadon Daji a Gonar Zamani: Tarihin Raguwar Haihuwar Aladu a Lokacin Zafi

Aladen gida ya samo asali ne daga aladen daji, wanda ɗan Adam ya fara kiwo kimanin shekaru 9,000 da suka wuce a wurare biyu dabam-dabam, wato gabashin ƙasar Turkiyya ta yau da kuma Sin. A dazuzzukan Turai macen aladen daji ba ta karɓar namiji sai daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, kuma da yake cikinta wata uku ne da mako uku da kwana uku, kimanin kwana 114 ke nan, haihuwarta kan dace da wucewar sanyi da tsirowar sabon ganye. Da zafi kuwa mahaifarta hutawa take yi, domin ɗan da aka yi cikinsa a wannan lokaci zai faɗo ne a bakin hunturu, lokacin da uwa ba ta da abin ci balle nonon shayarwa.

Manoman Turai na da ba su ɗauki wannan tsari a matsayin matsala ba, saboda nasu aikin ma haka yake tafiya: ana kora aladu daji da kaka su yi ƙiba da 'ya'yan itatuwa, a yanka su a Nuwamba ko Disamba, a adana naman da gishiri. Kasuwa ce ta sauya lamarin. A ƙarni na 18 makiyayan Ingila sun haɗa irin aladunsu da na Sin mai yawan 'ya'ya da saurin girma, sannan a 1887, da Jamus ta rufe ƙofarta ga aladun Denmak masu rai, manoman Denmak suka kafa mahautar haɗin gwiwa ta farko a garin Horsens, suka karkata ga sayar wa Ingila naman da aka sarrafa, cinikin da ke buƙatar kaya kowane mako ba tare da la'akari da yanayi ba.

Daga shekarun 1960 kiwon ya koma cikin rufaffun ɗakuna, aka rage shayarwa daga mako takwas zuwa uku ko huɗu, aka kuma sa ran uwa za ta nemi barbara kwana huɗu zuwa bakwai bayan yaye, ta haihu fiye da sau biyu a shekara. Rubuta ranar barbara da ta haihuwar kowace uwa ne ya tona abin da ke ɓoye, don kuwa kowace shekara, daga ƙarshen zafi zuwa farkon kaka, sai a ga uwaye suna jinkirin neman namiji, ƙananan mata suna makara wajen balaga, wasu kuma su ɗauki ciki ya zube tun yana makonnin farko. A ƙarshen shekarun 1970 likitocin dabbobi, musamman a Ostareliya, suka fara bayyana wannan a matsayin matsala mai zaman kanta, wadda ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba.

Da farko zafi aka fi ɗora wa laifi, kuma da hujja, domin alade kusan ba ya gumi, uwa mai shayarwa kuwa da zarar zafi ya wuce digiri 22 ko makamancin haka sai ta rage ci, ta rame, jikinta ya jinkirta fitar da ƙwai, shi ma namiji maniyyinsa kan yi rauni na tsawon makonni. Sai dai ganin matsalar a Finland, inda zafin ba ya tsananta, ya nuna cewa tsawon yini na da hannu, ta hanyar melatonin, sinadarin da wani ƙullutu a ƙwaƙwalwa ke fitarwa da dare, wanda da shi jikin dabba ke gane lokacin shekara. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, irin su Najeriya, inda kasuwar Katsit ta Kafanchan ta shahara da cinikin aladu, dare da rana ba su da babban bambanci, don haka zafin bazara ne ya fi nauyi a bayanin.

Abin da gonaki suka iya yi kawo yanzu rage asara ne kawai, ta hanyar fanka da yayyafin ruwa, da ciyarwa a lokacin sanyin safiya da maraice, da ƙara yawan matan da ake yi wa barbara da zafi don cike gurbi. Duk da haka giɓin yana isa kasuwa bayan kimanin wata goma, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa farashin alade a Amurka yakan hau a watannin zafi.