Jirgin Da Ya Kai Annoba Birnin Marsel

A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, majalisun garuruwan bakin teku da yawa suka rufe tashoshinsu ga baƙin jirage. Matuƙa suka yi ta kuka, ga gari suna gani, an hana su taka ƙasa. Wannan rigima kuwa tsohuwa ce. Tun a 1377 majalisar birnin Ragusa, watau Dubrovnik, ta kafa doka, wanda duk ya fito daga ƙasar annoba sai ya zauna wata guda a waje kana ya shigo.

To, ga abin da ya auku inda aka sassauta. Ran 25 ga Mayu, 1720, wani jirgi mai suna Grand Saint-Antoine ya iso Marsel ta ƙasar Faransa daga Sham, ɗauke da alharini da auduga. Tun a hanya mutane suka mutu cikinsa. Amma shugaban majalisar garin, Estelle, yana da rabo cikin hajar, ga kuma babbar kasuwar shekara ta matso. Sai aka sauke kaya, aka sallami fasinjoji ba da jimawa ba. Annoba ta faɗa birnin, ta kashe wajen rabin mutanensa. Daga baya aka ƙone jirgin, aka ɗaure matuƙinsa, Chataud, a kurkukun tsibirin If. Estelle kuwa aka wanke shi.

Lalle jira da ɗaci ga baƙo. Amma ya fi ɗaci in doka ta kama matuƙi, ta ƙyale dukiyar mai mulki.